Allon da Kyaftin Ya Kafa

Ni mai guga ne. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a ƙarshen ɗakin ɗinkinmu, kusa da ƙofar baya, kuma duk rigar da za ta fita daga wurin nan sai ta bi ta ƙarƙashin dutsena. Saboda haka na san hannun kowa. In na shimfiɗa kwala, ko ba a faɗa min ba na san wanda ya ɗinka ta, wani lokacin har in gane ko ya yi faɗa a gida kafin ya fito. Ba a tambayar mai guga ra'ayinsa, shi ya sa nawa ya taru da yawa.

Kayan 'yan makaranta muke ɗinkawa, da rigunan masu gadi. Keke goma sha huɗu ne a layi biyu, da fanka uku, ɗaya daga ciki ta daina juyawa tun kafin a ɗauke ni aiki. Mai kula da teloli shi ne wanda muke kira Kyaftin, kuma labarinsa zan ba ku.

Ɗan direban babbar mota ne, na uku cikin 'ya'ya biyar, irin ɗan tsakiyar nan da ba a tunawa da shi sai an tashi aike. Ya shigo wurin nan yana ɗan shekara goma sha tara, bai san gaban allura daga bayanta ba. Gwaggo ce ta koya masa ɗinki. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma har mai kamfanin haka yake kiranta. Kekenta ne na farko a jikin taga, kuma ta girme mu duka a shekaru da a aiki. An ce ranar da allura ta huda wa Kyaftin ɗan yatsa, ita ta juya tayar keken da hannu a hankali ta zare masa, ta naɗe wurin da ƙyalle, ta ce, "To, yau ka zama tela." Tabon yana nan a hannunsa na hagu.

Ya yi aure, ya samu 'ya'ya mata biyu, yana haya a ɗaki biyu can inda motar haya take juyowa. Awa guda yake yi a mota da safe, awa guda da yamma, kuma a cikin motar nan ya koyi wasan waya. Mutum biyar ne ke haɗuwa ta intanet, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani, su shiga wani kango su yaƙi dodo. Matarsa ta taɓa kawo masa abinci wurin aiki, ta same shi ya duƙufa, ta ce min, "Da shi da wayar nan, ban san wanda ke riƙe da wani ba." Sunan ma daga can ya zo. Wata rana lokacin hutun rana ya manta bai rage sauti ba, muka ji wani ƙato a cikin wayar yana ihu, "Kyaftin! Kyaftin!" Shi ke nan, sunan yanka ya tafi hutu.

Yana da shekara talatin da huɗu tsohon mai kula da mu ya ajiye aiki, aka ba shi wurin. Nan ya gamu da matsala, don shi mutum ne da bai iya tsawa ba. In ya ɗaga murya sai ka ji kamar haƙuri yake bayarwa. Teloli suka gane, aka fara shigowa takwas da rabi, ana tashi shan ruwa sau bakwai. Ya yi wata biyu yana rama.

Wata rana ya zo ya tsaya kusa da teburina, ya ce, "Mai guga, ka ga mutanen nan na cikin waya? Ba mai biyansu ko sisi, amma ba wanda ke makara. Ka san dalili?"

Na ce, "Ba su da aikin yi."

Ya ce, "A'a. Kowa yana ganin inda ya kai ne. Ka yi abu, nan take ka ga makinka ya hau. Mu nan mutum ya ɗinka riga ashirin ko goma, duk sannu ɗaya ake yi masa."

Na ci gaba da gugata. Ranar Litinin muka tarar da farin allo a bango, tsakanin agogo da matacciyar fanka.

Sunayen teloli goma sha huɗu ne a jere. Kowace riga maki ɗaya. Wanda ya yi kwana goma ba a dawo masa da aiki ba, a manna masa tauraro. Akwai matakai uku, tagulla da azurfa da zinariya. In babban aiki ya shigo, sai Kyaftin ya zana dodo a gefen allon, mai haƙora da jela, ya ja dogon layi a ƙarƙashinsa ya ce wannan ne ransa. Duk riga hamsin da aka gama sai a goge wani yanki na layin. Ranar da aka goge na ƙarshe, wanda ya ɗinka rigar ƙarshe shi ke goge kan dodon, a yi tafi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: abin ya yi aiki. Manyan mutane masu iyali suka koma suna rige-rigen goge kan dodo. Dogo, wanda ke keke na huɗu, mutumin da bai taɓa zuwa kan lokaci ba, sai ga shi bakwai da rabi yana jiran a buɗe ƙofa. Aikin da muke yi a sati uku aka gama shi a kwana goma sha biyar. Ni ne ma na ji a jikina, don kwandona ba ya taɓa zama wayam, kuma ba wanda ya zana min ko ɗan ƙadangare. Kyaftin ya mayar da ƙibarsa, har ya fara tafiya da hannu a baya.

A ƙarshen watan farko Dogo ne na ɗaya. Gwaggo ce ta goma sha huɗu.

Ba wanda ya yi magana a kai. Ita ma ta ɗaga tabarau ta dubi allon, ta ce, "Ashe har da ni," ta koma ta zauna. Kowa a ɗakin ya san dalili, amma irin sanin da ba a taɓa faɗa ba. Gwaggo ba ta minti ashirin a kan kujerarta. Tana ɗinki kunnenta yana yawo. Sai ka ji ta ce, "Na bakwai, tsaya, zarenki zai cukurkuɗe," kafin mai keken ma ta lura. Ta tashi ta je ta buɗe ƙasan keken, ta hure, ta ɗiga mai, ta dawo. Wani ya juya hannun riga, ita za ta zauna ta farke masa, don ta ce shi in ya farke da haushi sai ya yaga yadin. Sabuwar da aka ɗauka, wadda ke keke na bakwai, kusan rabin yininta Gwaggo na tsaye a kanta. Allon kuwa riga kawai ya iya ƙirgawa.

Mai kamfani yakan leƙo sau biyu a sati. Ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son abin da zai gani da idonsa. Ya tsaya gaban allon ya daɗe, Kyaftin yana gefensa yana bayani baki har kunne. Ina jin su daga inda nake. Da bayanin ya yi daɗi sai Kyaftin ya ƙara da cewa ai a wasan ma haka ake yi, duk wanda ya daɗe a ƙasa sai a sauke shi daga rukunin, wani ya hau. Mai kamfani ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan tsari ne. Mu ma haka za mu yi. Duk wanda ya zo na ƙarshe wata uku a jere, ya ba wani wuri. Masu neman aiki suna nan a ƙofa." Na ga Kyaftin ya buɗe baki ya rufe. Baki shi ke yanka wuya, kuma wannan karon ba wuyan mai bakin ba ne.

Wata na biyu ya ƙare, Gwaggo na nan a ƙasa. Saura wata ɗaya ta bar kujerar da ta yi shekara ashirin da shida a kai. Mijinta ya rasu tuntuni, jikoki biyu ne a hannunta, kuma a shekarunta ba wani ɗakin ɗinki da zai buɗe mata ƙofa. Kyaftin ya yi ta cewa zai yi wa mai kamfani magana, kullum sai gobe.

Wata rana da hutun rana ina zaune kusa da shi a bencin baya, yana ci da hannu ɗaya yana wasa da ɗaya. Suka kashe dodonsu, sai ga jerin sunaye ya fito a wayar da lambobi. Na leƙa. Na ce, "Wane ne kai a nan?"

Ya nuna na ƙasa.

Na ce, "Kai da kake kyaftin, kai ne kurar baya?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba ka gane ba. Wannan lissafin sara ne. Ni ba na sara, ni ne mai magani. Su suna dukan dodo, ni ina bin su ina warkar da wanda aka ji wa ciwo. Kullum ni ne na ƙarshe a nan. Amma in na fita minti biyu, duk sun mutu."

Na ce, "To."

Wallahi abin da na ce ke nan, ban ƙara ko harafi ba. Ya tsaya da cokali a hannu, ya juya ya dubi cikin ɗakin, inda Gwaggo ke durƙushe gaban keken Dogo tana canja masa bel da lokacin hutunta. Bai ƙarasa abincin ba. Shekara shida yana wannan aikin a cikin waya, bai gane shi ba da ya gan shi sanye da tabarau.

Da yamma ya shiga ofishin mai kamfani. Bai daɗe ba ya fito. Daga baya ya gaya min yadda aka yi. Mai kamfani ya ce ya yarda Gwaggo na da amfani, amma doka an riga an faɗe ta a gaban kowa, in ya karya ta don mutum ɗaya gobe ba mai jin maganarsa. Ya ce, "Kai ka kawo lamba wurin nan. In taimakonta aiki ne, nuna min shi a lamba."

Sai Kyaftin ya koma ga abin da ya sani. Ya samo kwalabe goma sha huɗu ya ajiye ɗaya a kan kowane keke, ya raba wa kowa jajayen maɓallai guda goma daga ragowar wani tsohon aiki. Ya ce duk wanda aka taimaka wa, ya jefa maɓalli ɗaya a kwalbar wanda ya taimake shi, kuma kowane maɓalli maki uku ne. Ya lissafa, ya ga da haka Gwaggo za ta wuce har Dogo. Ranar ya yi ta murmushi shi kaɗai.

Kafin ƙarfe goma zaren Sabuwa ya cukurkuɗe. Gwaggo ta je ta gyara. Tana komawa wurinta Sabuwa ta biyo ta, ta jefa maɓalli a kwalba, ƙwal. Gwaggo ta dubi kwalbar, ta dubi yarinyar.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Sabuwa ta ce, "Na taimakon da kika yi min ne, Gwaggo. Kyaftin ya ce."

Gwaggo ta zazzage maɓallin a tafin hannunta, ta kamo hannun Sabuwa ta danƙa mata. Sannan ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, ta ce, "Ɗana, zo nan." Haka take kiran Kyaftin in ranta ya ɓaci. Ya zo ya tsaya.

Ta ce, "Ranar da na zare maka allura daga yatsa, maɓalli nawa ka ba ni?"

Ya ce, "Gwaggo, ba haka ba ne. Don ki hau ne."

Ta ce, "In hau ina? Ni za a riƙa jefa wa abu a kwalba don na duba keken 'yar cikina? Ɗauke min wannan daga gabana."

Bai ɗauke ba, ita ma ba ta sake kallonta ba. Duk wanda ya jefa, sai ta bi shi har kekensa ta mayar masa. Dogo ya gwada jefawa a ɓoye lokacin da ta fita, ta dawo ta ƙirga na kowa har ta gano wanda nasa ya kasa goma. Cikin kwana uku aka daina. Ni ina ganin tana da gaskiya, ina kuma ganin taurin kai ne, kuma har yau ban raba su ba.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, Kyaftin ya je ya durƙusa a gefen kekenta tun kafin a fara aiki. Ina ninke kaya a kusa, na ji komai.

Ya ce, "Gwaggo, na roƙe ki abu ɗaya. Kwana goma sha biyun nan kada ki tashi. Ko ɗakin ne ya kama da wuta, ki yi ɗinkinki. Ni zan bi kekunan."

Ta ce, "Kai? Ka tuna inda ake ɗiga mai?"

Ya ce, "Zan tuna. Ki duba yaran nan biyu da ke gida."

Ta murza zare a yatsa. Can ta ce, "To, na ji."

Kwanakin nan Kyaftin ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ya sa wayarsa a aljihun tebur, ya ɗauki sukudireba da kwalbar mai, ya yi ta safa da marwa tsakanin layi biyu. Yana kan na tara na biyu zai kira, yana kan na biyu Sabuwa za ta fashe da kuka. Rigarsa kan jiƙe sharkaf kafin rana ta take. Sau ɗaya ya tsaya wajena shan ruwa, yana haki, ya ce, "Duk wannan ita kaɗai take yi?" Na ce, "Har da riga goma sha biyu a rana."

Gwaggo kuwa ta zauna. Kwana biyun farko in keke ya canja kuka sai ka ga kafaɗarta ta motsa, ta ɗan ɗaga daga kujera, sannan ta koma. Rana ta uku ta zo da auduga ta toshe kunnuwanta. Daga nan muka ga ɗinki. Riga ashirin da bakwai, ashirin da tara, ranar Alhamis talatin da ɗaya, abin da Dogo bai taɓa yi ba. Kuma ni da nake shimfiɗa su, ban samu zare ɗaya da ya kauce ba. Ashe duk shekarun nan wadda ta fi kowa sauri a ɗakin ita ce ba ta zama.

Ranar ƙarshen wata aka haɗa lissafi, ta zo ta goma. Aka yi tafi fiye da na kashe dodo. Mai kamfani ya zo da kansa ya ce, "Ka gani? Tsarin naka ya tashe ta." Gwaggo ta cire audugar, ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a jaka, ta ce sai da safe.

Sati na gaba Kyaftin ya sauke allon. Ya shawo kan mai kamfani cewa a bar dodon kawai a jikin takarda, makin ya zama na ɗaki gaba ɗaya, ba sunan kowa. Mai kamfani ya yarda, don kayan da ake dawowa da su gyara sun ninka a watan, kuma wannan ma lamba ce. Aka kwashe kwalabe. Wurin da allon ya zauna ya bar fari a bango, har yanzu ana gani. Sannan Kyaftin ya je ya ce wa Gwaggo komai ya wuce, ba mai ƙirga ta kuma, ta koma yadda take.

Ta ce, "To, madalla."

Amma da na je karɓar kaya a kekenta, sai na ga ta ja 'yan layuka da allin tela a gefen teburin, huɗu a tsaye ɗaya a gicciye, huɗu a tsaye ɗaya a gicciye. Duk rigar da ta gama sai ta ƙara ɗaya. Da yamma ta ƙirga, ta goge da tafin hannu. Na ce, "Gwaggo, ai an sauke allo." Ta ce, "Wanda ya sauke shi zai iya mayar da shi. Ba za a sake samuna a ƙasa ba."

Yau shekara biyu ke nan. Kyaftin yana nan, 'yarsa ta fari ta shiga sakandare, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Yana wasansa a mota, kuma har yanzu shi ne mai magani. A ɗakin ɗinki sukudireba ba ta barin aljihunsa, ya kuma iya aikin daidai gwargwado, sai dai shi sai keke ya tsaya yake sani. Bai da kunnen.

Jiya da hantsi keke na bakwai ya fara wani ɗan kuka, siriri, irin wanda ni ma yanzu na gane shi. Muka juya gaba ɗaya muka dubi taga, har da Kyaftin da ke tsaye da kwalbar mai a hannu. Ba auduga a kunnenta, ta ji sarai. Ta kai ƙarshen kwalar da take ɗinkawa, ta yanke zare, ta ɗauki alli ta ja layi.

Sabuwa ta ce, "Gwaggo?"

Ba ta ɗago ba. Ta jawo wata rigar ta ce, "Ga Kyaftin can."